Shin Ko Kun San? Soyayya, Kanumfari da Ƙulle-ƙullen Fada

Shin ko kun san cewa a Amurka da Kanada akwai wani reshe na littattafan soyayya da ake rubutawa musamman domin Kiristoci masu riƙo da addini? Yana da kamfanonin ɗab'insa da kantunansa, har da gasar da ake yi duk shekara. Ƙa'idojinsa sanannu ne: ba batsa, ba ashar, ba a haɗa shimfiɗa sai an ɗaura aure, kuma lalle imanin saurayin ko na budurwar ya shiga jarrabawa kafin a kai shafin ƙarshe. Duk wanda ya taso da littattafan soyayya na Kano ba zai yi baƙunta a nan ba, don so yana nan, tarbiyya kuma na tsaye a kansa. Grace Livingston Hill, wadda ta rayu daga 1865 zuwa 1947, ta rubuta sama da littafi 100 a wannan layi. Wadda ta buɗe kasuwar ta zamani kuwa ita ce Janette Oke 'yar Kanada, da littafinta Love Comes Softly na 1979. A 1991 Francine Rivers ta ɗauko labarin Annabi Hosiya na Littafi Mai Tsarki ta dasa shi a Kalifoniya ta zamanin haƙar zinariya, ta kira shi Redeeming Love.

Marubutan wannan layi suna son zamanin da, kuma zamanin fataucin kayan yaji ya tara musu duk abin da suke nema: jirgin ruwa, kyaftin mai zuciya, gimbiya a bayan katanga, munafukin fada, da sauya addini saboda so. To, duk waɗannan sun faru da mutane na gaskiya masu suna da shekarar haihuwa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, littafi kan rufe a ranar baftisma da ɗaurin aure, alhali matan da abin ya faru da su, daga wannan ranar ne wahalarsu take somawa.

Shin ko kun san cewa kayan ƙamshi sun ratsa Littafi Mai Tsarki tun daga farkonsa? A Littafin Farawa, ayarin da ya sayi Annabi Yusufu daga hannun 'yan'uwansa, kayan ƙamshi da mur raƙumansa suke ɗauke da su zuwa Masar. Sarauniyar Sheba da su ta je wa Annabi Sulemanu. Man keɓewar da aka umarci Annabi Musa ya haɗa, da kirfa a cikinsa. Masanan da suka zo daga gabas ganin jariri Yesu, zinariya da lubban da mur suka kawo.

Shin ko kun san mene ne ainihin kanumfarin da muke jefawa a shayi da zoɓo da kunun zaƙi? Ku ɗauko ƙwaya ɗaya ku duba da kyau. Fure ne da bai kai ga buɗewa ba. Ɗan dunƙulen da ke kansa shi ne furen a naɗe, ƙananan haƙora huɗu na riƙe da shi. Ana hawa bishiya a tsinke shi da hannu daidai lokacin da ya fara juyawa daga kore zuwa ja-ja, a baza a tabarma 'yan kwanaki har ya yi duhu ya bushe ƙayau. In aka yi sake furen ya buɗe, darajarsa ta zube. Shekara 500 da suka wuce, kusan duk kanumfarin duniya daga ƙananan tsibirai biyar yake fitowa a gabashin Indunusiya ta yau: Ternate, Tidore, Moti, Makian da Bacan. Gyaɗar ƙamshi kuma sai tsibiran Banda kaɗai. Fataken Jawa da Malay da Gujarat da Larabawa ke miƙa su hannu zuwa hannu har Iskandariya, inda mutanen Banis ke saye su kai Turai da tsada mai tayar da hankali.

Shin ko kun san cewa masoron ƙasarmu yana cikin abin da ya kunna wa Fotugal wutar nema? Wajen 1486 wani João Afonso de Aveiro ya je Masarautar Benin ya koma Lizbon da masoro mai wutsiya, wanda muke dakawa a yaji. Ya kuma kai labarin wani babban sarki a can cikin ƙasa, Ogane, wanda ke aiko wa sabon Oba da gicciyen tagulla don tabbatar masa da sarauta. Sarki João na Biyu ya ɗauka wannan shi ne sarkin nan Kirista da Turawa suka daɗe suna mafarkin samu a bayan ƙasashen Musulmi, wanda suke kira Prester John. Da Fotugal ta kai ga masoron Indiya, sai ta hana shigo da na Benin don kada ya karya mata farashi.

A 1487 wannan sarki ya tura ɗan leƙen asiri, Pêro da Covilhã, mutumin da ya iya Larabci. Ya shiga Iskandariya da shigar mai sayar da zuma, ya bi ta Alƙahira da Adan har Kalikut da Goa, yana lura da inda masoro da citta ke fitowa da lokacin da iska ke juyawa. Ya dawo Alƙahira da niyyar komawa gida wajen matarsa, sai ya tarar da manzanni biyu Yahudawa da sabon umarni: ya wuce Habasha. Ya je. Sarakunan Habasha suka karɓe shi hannu bibbiyu, suka ba shi ƙasa da mata da muƙami, amma suka hana shi fita. Da tawagar Fotugal ta iso a 1520 ta same shi dattijo da 'ya'ya Habashawa. A can ya rasu. Matar da ya bari a Fotugal ba ta sake sa shi a ido ba.

Shin ko kun san amsar da ayarin Vasco da Gama ya bayar da aka tambaye shi abin da ya kawo shi Indiya? A Mayun 1498 jiragensa suka tsaya kusa da Kalikut. Ya tura wani fursuna ya fara sauka, don in kisa ne a fara da shi. Mutumin ya ci karo da fatake biyu 'yan Tunis masu jin yaren Sifaniya, ya ce musu Kiristoci suka zo nema da kayan yaji. Tsabar ɗoki ya sa da aka kai su wani wurin bautar Hindu suka ɗauka coci ce, suka durƙusa suka yi addu'a. Kiristocin kuwa suna nan da gaske a Kerala, masu danganta kansu da manzo Toma, da yawansu manoman masoro ne, sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune lafiya da maƙwabtansu. A 1599 babban limamin Goa ya tara su a Diamper ya tilasta musu bin tsarin Roma, aka ƙone littattafansu da dama. A 1653 suka taru suka yi rantsuwa a gindin wani gicciye a Mattancherry cewa sun daina bin limaman da Fotugal ta ɗora musu. Shi kuwa da Gama, a zuwansa na biyu a 1502, ya tare jirgin Miri mai ɗauke da masu dawowa daga Makka, ya kwashe dukiyarsu, ya banka masa wuta da ɗaruruwan mutane a ciki, har mata da yara.

Shin ko kun san cewa zagaya duniya na farko neman kanumfari ne? Jirage biyar suka tashi daga Sifaniya a 1519 ƙarƙashin Magellan. An kashe shi a Filifin a 1521. Jirgi ɗaya tak, Victoria, ya dawo a Satumban 1522 da mutum 18 da kanumfari kimanin tan 26. Matar Magellan, Beatriz Barbosa, da ɗansu ƙarami duk sun rasu kafin jirgin ya iso. Elcano da ya ƙarasa tafiyar, sarki ya ba shi tambarin gida mai zanen kirfa da gyaɗar ƙamshi da kanumfari.

Daga nan rigima ta ɓarke tsakanin Sifaniya da Fotugal kan wa ke da tsibiran kanumfari, kuma aure ne ya taimaka aka kashe wutar. A 1525 Sarkin Fotugal João na Uku ya auri ƙanwar Sarki Charles na Biyar mai mulkin Sifaniya, a 1526 Charles ya auri Isabella ƙanwar João. A 1529, a yarjejeniyar Zaragoza, Charles ya sayar wa surukinsa da'awarsa kan tsibiran a kan tsabar zinariya ducat 350,000. Ba wanda ya tambayi sarakunan Ternate da Tidore. Auren siyasa ne, amma so ya shiga: da Isabella ta rasu a 1539, Charles bai sake aure ba, baƙaƙen kaya ya riƙa sawa har ƙarshen ransa.

Shin ko kun san labarin Nyaicili Boki Raja? Wannan ita ce matar da nake ganin ta fi kowa cancantar a rubuta mata littafi. 'Yar Sultan Al-Mansur na Tidore ce, matar Sultan Bayan Sirrullah na Ternate, wanda shi ya gayyato Turawan Fotugal da kansa don su ƙarfafa shi kan abokan gabarsa. A 1522 suka fara gina kagararsu ta dutse a tsibirin. Da mijinta ya rasu, kyaftin-kyaftin ɗin kagarar suka ɗauki ɗabi'ar tsare yaran sarauta a ciki, suna mulki da sunansu. A 1535 suka zargi ɗanta Tabariji da cin amana, suka tuɓe shi, suka tura shi Goa tare da ita. A can aka wanke shi daga zargin, ya karɓi baftisma da suna Dom Manuel. Yana hanyar komawa kan gadonsa ya rasu a Malaka a 1545, ya bar wasiyya cewa ƙasarsa ta zama ta Sarkin Fotugal. Uwar ta koma Ternate ba ɗanta. A 1546 Francis Xavier, ɗan mishan ɗin nan na ƙungiyar Jesuit, ya yi mata baftisma da suna Dona Isabel. Mace ce mai ilimin addinin Musulunci, kuma an shaida sai da suka yi doguwar muhawara. Abin da ya biyo baya shi ne dukiyarta ta salwanta, har sai da Xavier ya riƙa rubuta wasiƙa yana roƙon a yanka mata abin da za ta ci. Cikin talauci ta ƙare.

Wanda ya hau gadon, Sultan Hairun, ya yi shekaru yana taka tsantsan da baƙin nan. A 1570 aka yi sulhu, shi ya rantse da Alƙur'ani, kyaftin Diogo Lopes de Mesquita ya rantse da littafinsa mai tsarki. Ba a jima ba aka gayyace shi kagara, aka daɓa masa wuƙa. Ɗansa Babullah ya yi wa kagarar ƙawanya shekara biyar, da suka miƙa wuya a 1575 ya bar su suka fita da ransu. A cikin wannan labari, wanda ya riƙe alkawari da wanda ya ci amana ba su zauna inda littattafan Turawa suka saba ajiye su ba.

Shin ko kun san cewa tun 1621 aka fara sayar wa Turawa irin wannan soyayya a dandali? John Fletcher, wanda ya gaji Shakespeare a matsayin marubucin ƙungiyar wasan Sarkin Ingila, ya rubuta The Island Princess. Gimbiya Quisara ta Tidore ta yi alkawarin auren duk wanda ya ceto ɗan'uwanta sarki daga kurkukun Ternate. Wani Bafotugale, Armusia, ya yi shigar ɗan kasuwa ya ceto shi. Mugun da ke cikin labarin ya yi shigar malami ya zuga ta ta ce sai Armusia ya bar addininsa. Ya ƙi, aka kama shi, da ta ga ƙarfin imaninsa sai ita ta bi nasa. A fadar Ingila aka nuna wasan a ƙarshen wannan shekara.

Ana bikin duniya ake na ƙiyama. A cikin 1621 ɗin nan ne Jan Pieterszoon Coen, gwamnan kamfanin Holan mai fataucin gabas, ya auka wa Banda saboda mutanenta sun ƙi sayar wa kamfaninsa shi kaɗai. A ranar 8 ga Mayu ya sa sojojin haya 'yan Japan suka sare manyan gari 44. Daga mutum kimanin 15,000, waɗanda suka saura a tsibiran ba su wuce 1,000 ba: wasu an kashe, wasu yunwa ta ci su a kan duwatsu, wasu sun tsere, wasu an kwashe su bayi zuwa Batabiya. Aka yanka gonakin gida 68 aka raba wa Turawa, aka kawo bayi daga wasu wurare. Daga baya kamfanin ya riƙa tsoma gyaɗar ƙamshi a ruwan farar ƙasa kafin ya sayar, don kada wani ya shuka ta tsiro. Kanumfari kuma, daga 1652 ya riƙa biyan Sarkin Ternate kuɗi duk shekara don a sare bishiyoyin ƙasarsa, a bar na yankin Ambon kaɗai.

Shin ko kun san cewa Sarkin Indiya Jahangir ya taɓa yi wa wani Bature aure? William Hawkins, kyaftin ɗin kamfanin Ingila, ya isa Agra a 1609. Ya iya Turkanci, saboda haka hira ta yi daɗi tsakaninsa da sarki. Jahangir ya ce zai ba shi mata daga fada. Hawkins, don ya zille, ya ce shi sai Kirista, yana zaton ba za a samu ba. Sai ga Mariam, 'yar wani Kirista Ba'armeniye da ya yi wa Sarki Akbar hidima. Ba limamin coci a kusa, baransa Nicholas Ufflet ne ya karanta addu'ar ɗaurin auren. Da fada ta juya masa baya a 1611, danginta suka so riƙe ta, ita kuwa ta zaɓi bin mijinta. Ya rasu a jirgi a 1613 kafin su kai Ingila. Ta sauka Landan gwauruwa, ba ta san kowa ba. A 1614 ta auri wani kyaftin ɗin ayarin, Gabriel Towerson. Ya dawo da ita Indiya a 1617 yana sa ran danginta za su buɗe masa ƙofofin arziki. Da bai samu yadda yake so ba, ya bar ta a Agra ya kama gabansa.

Shi Towerson ɗin nan ne shugaban 'yan kasuwar Ingila a Ambon a 1623, lokacin da Turawan Holan suka kama wani sojan haya ɗan Japan yana yawan tambaya kan tsaron kagara. Da azabar ruwa da wuta aka tatsi ikirarin cewa Ingilishi na shirin ƙwace wurin. Aka sare Ingilishi 10, Japanawa 9 da Bafotugale ɗaya. Kiristoci ne 'yan Furotesta suka yi wa 'yan'uwansu haka, a kan kanumfari. Bayan shekara 50, ana tsakar yaƙi da Holan, John Dryden ya mai da abin wasan kwaikwayo mai suna Amboyna, ya yi wa Towerson amarya ta ƙirƙira, Ysabinda, ya mai da shi masoyi na gari. Mariam ta gaskiya, wadda ta riƙa kai kuka ga ma'aikatan kamfani kan abin da za ta ci, ba ta samu shiga wasan ba.

Shin ko kun san cewa an taɓa musayar Manhattan da tsibirin gyaɗar ƙamshi? Run, a Banda, tsawonsa kimanin kilomita 3 ne. Nathaniel Courthope ya riƙe wa Ingila shi daga 1616 har Turawan Holan suka harbe shi a 1620. A yarjejeniyar Breda ta 1667 Ingila ta haƙura da Run, Holan ta haƙura da garin da yau ake kira New York.

Shin ko kun san cewa birnin Bombay a gara aka kai shi gidan miji? A 1662 Catherine ta Braganza, 'yar Sarkin Fotugal, ta auri Charles na Biyu na Ingila, gidansu ya haɗa ta da Bombay da Tanja ta Maroko da kuɗin da aka biya wani kasonsu da sukari da kayan yaji. Sau biyu aka ɗaura auren a Portsmouth, na Katolika a ɓoye, na cocin Ingila a fili. A 1668 sarki ya ba kamfanin Ingila hayar Bombay kan fam 10 a shekara. Catherine ba ta samu haihuwa ba, mijin kuma ga neman mata, har ya tilasta mata karɓar farkarsa cikin masu yi mata hidima. A 1678 wani maƙaryaci, Titus Oates, ya yi mata ƙazafin shirya sa wa sarki guba. Nan ne Charles ya tsaya mata, ya ƙi sakinta duk da matsin 'yan majalisa.

Shin ko kun san cewa wanda ya karya babakeren Holan ɗalibin aikin mishan ne mai hannu ɗaya? Pierre Poivre, haifaffen Lyon a 1719, an tura shi Sin yana saurayi. A 1745, a hanyar dawowa, jirgin yaƙin Ingila ya buɗe musu wuta, harsashin igwa ya raba shi da hannun dama, zancen zama fada ya ƙare. A Batabiya aka sauke shi yana jinya, a can ya buɗe ido ya ga yadda ake tsaron kasuwar. Yunƙurinsa na farko ya ci tura, 'yan tsiron da ya kawo suka mutu, ya zargi wani masanin tsirrai da yi masa zagon ƙasa. Sai a 1770, yana babban jami'in Faransa a tsibirin Morishas, mutanensa suka sato tsiron kanumfari da gyaɗar ƙamshi da taimakon mazauna tsibirin Gebe, waɗanda suka gaji da Holan. Matarsa Françoise Robin, wani injiniya mai suna Bernardin de Saint-Pierre ya dame ta da wasiƙun so, ta ƙi ba shi fuska. Shi ne ya koma Faransa ya rubuta Paul et Virginie a 1788, labarin soyayya mai cike da tsoron Allah da ya sa Turai kuka, kuma a Morishas ɗin ya kafa shi.

Daga tsibiran wannan yanki kanumfari ya tsallaka Zanzibar a farkon ƙarni na 19. Sayyid Sa'id na Oman ya ga riba, ya matsa wa masu gonaki su shuka, ya dawo da fadarsa can a 1840. Guminsa kuwa na bayi ne da aka kwaso daga cikin Afirka ta Gabas.

Shin ko kun san cewa 'yar wannan sarki ta rayu da duk abin da littattafan nan ke ƙagowa? An haifi Sayyida Salme a 1844. Ana koya wa 'yan matan fada karatun Alƙur'ani amma ba rubutu ba, sai ta koya wa kanta a ɓoye, tana kwafar haruffa a kan ƙashin kafaɗar raƙumi. Wannan rubutu ne ya jefa ta cikin tuggu. A 1859, tana da shekara 15, yayanta Barghash ya yi yunƙurin kifar da yayansu Majid da ke kan gadon sarauta, ita ce mai rubuta wasiƙun asiri. Turawan Ingila suka shiga wa Majid, aka murƙushe tawayen a wata gonar kanumfari da ake kira Marseille, aka kori Barghash zuwa Bombay. Da ta shirya da Majid, ɓangaren Barghash suka ɗauke ta maciya amana. Gaba kura, baya sayaki.

A wannan kaɗaici ne ta saba da maƙwabcinta, wani ɗan kasuwar Jamus mai suna Heinrich Ruete. Soron gidansa na kallon nata, daga gaisuwa ta nesa abu ya yi nisa. A 1866 ciki ya bayyana, ranta na cikin haɗari, ta tsere a jirgin yaƙin Ingila Highflyer zuwa Adan. Ranar 30 ga Mayun 1867 aka yi mata baftisma da suna Emily, a ranar aka ɗaura auren. A nan marubuci zai ajiye alƙalami.

Jaririn da ta haifa a Adan ya rasu a hanyar Turai. A Hambug ta haifi uku, sai a 1870 mijin ya faɗo daga taragon da doki ke ja, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Tana da shekara 25, ga sanyi, ga harshen da ba ta gama ƙwarewa ba, ga dokar gari da ta damƙa gadon mijinta a hannun wakilai maza, waɗanda yawancinsa ya salwanta a hannunsu. Ta koma koyar da Larabci don ciyar da yara. A rubuce-rubucen da ta bari ta nuna an shigar da ita sabon addini ba tare da an koyar da ita shi sosai ba, ta daɗe zuciyarta a rabe, kuma ta yi mamakin yadda Kiristocin da ta tarar ba su damu da ibada ba. A 1875 Barghash, wanda ya zama sarki, ya ziyarci Landan, ta bi shi can, ya ƙi ganinta. A 1885 Bismarck ya sa aka kai ta Zanzibar tare da jiragen yaƙin Jamus don ya razana yayan nata, da ya samu ƙasar da yake nema a gaɓar Afirka ta Gabas sai ya watsar da ita. A 1886 ta fitar da tarihin rayuwarta da Jamusanci, ɗaya daga cikin na farko da wata Balarabiya ta rubuta. Ba waliyiya ba ce: gonakin da ta gada bayi ke nomawa, kuma a littafin ta kare bautar. Ta yi shekaru masu yawa a Bairut, ta rasu a Jena a 1924.

Shin ko kun san cewa wani fada na Katolika ya rubuta labarin daga ɓangaren masu tsibiran? Y. B. Mangunwijaya ɗan Indunusiya ya fitar da Ikan-ikan Hiu, Ido, Homa a 1983. Jarumansa mutanen wani ƙauye ne na Halmahera, masu sassaƙa jirgin ruwa, waɗanda sarakunan Ternate da Tidore ke murƙushewa, su kuma sarakunan Turawa na murƙushe su. Akwai so a ciki, akwai aure, kuma labarin ya kai har Banda ta zamanin Coen. Mutanen Banda ɗin ma ba su ƙare ba. Jikokin waɗanda suka tsere a 1621 suna zaune a ƙauyuka biyu, Banda Eli da Banda Elat, a tsibirin Kei Besar. Musulmi ne, kuma su kaɗai suka rage masu magana da tsohon harshen Banda, wanda a Banda kanta an daina jin sa.